Haɗa murya, data da bidiyo a netwok ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan sabunta kayan sadarwa a Bauchi da Gombe

Ɗaliban injiniya, masu ƙananan kamfanonin intanet da jami'an da ke kula da sadarwa a bankuna, asibitoci da ma'aikatu su ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. An gina amsoshin a kan yanayin Bauchi da Gombe, domin aikin da ya tafi lami lafiya a Legas yakan zo nan ya ci karo da dutse, zafi da nisan hanya.

Me ake nufi da NGN, kuma me ya sa ake kiransa haɗaɗɗen netwok?

A da, kowane aiki da hanyarsa. Kiran wayar girke yana bin wayar tagulla zuwa cibiyar haɗa kira. GSM yana da nasa suwic, wato na'urar haɗa kira. Layin da banki ya yi haya daga reshe zuwa hedikwata yana da nasa kayan, intanet ma haka. Sai kamfani ɗaya ya wayi gari yana ciyar da netwok uku ko huɗu, kowanne da ma'aikatansa da kayan gyaransa.

NGN, wato Next Generation Network, netwok na sabon zamani, shi ne a zuba dukkan waɗannan a hanya ɗaya ta IP, tsarin da intanet ke aika bayanai da shi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fayyace ma'anarsa a 2004, kuma ginshiƙin ma'anar shi ne raba sashen dako da sashen hidima: hanyar da ke ɗaukar bayanai daban, manhajar da ke cewa ga wanda aka kira, ga kuɗin da za a cire, ita ma daban.

Tsohon tsari kamar ɗaukar shatar mota ne. Da zarar ka buga waya an ware maka kilobit 64 a sakan tun daga kai har wanda ka kira, ko kuna magana ko kun yi shiru. Sabon tsari kamar aika kaya ta tasha ne: a ƙulla muryar ƙulli-ƙulli, kowanne da adireshi, a jefa a motar da ke lodi tare da kayan wasu. Ya fi araha nesa ba kusa ba, amma dole a sami mai tsara layi a tashar, in ba haka ba buhunan bidiyo su danne ƙullin murya.

Tunda tsoffin na'urori suna aiki, me ya hana a ƙyale su?

Girmansu ya ƙare. Layin E1, tsohon layin da ke ɗaukar kira tsakanin na'urori, megabit 2.048 ne a sakan, mai gurbi 32, kuma 30 ne ke ɗaukar magana. STM-1, wanda a zamaninsa babbar hanya ce, megabit 155 ne, yana ɗaukar E1 guda 63. Yau ƙarfen sabis ɗaya na 4G a kusa da kasuwar Wunti ko jami'ar ATBU zai iya cinye wannan shi kaɗai da yamma.

Sannan masu ƙera tsoffin suwic sun daina yin kayan gyaransu, injiniyoyin da suka san su suna ritaya, ga shan wuta da buƙatar ɗaki mai sanyi dare da rana. Dalili mafi ƙarfi kuwa shi ne 4G da 5G ba su da hanyar murya irin ta da kwata-kwata. An gina su ne a kan IP zalla. Kamfanonin da suka fara GSM a Nijeriya a Agustan 2001, wato MTN da Econet, da Glo da ya biyo a 2003, sun ɗora 3G a kan 2G, suka ɗora 4G a kan 3G, wasunsu kuma ga 5G tun bayan gwanjon Disamban 2021. Riƙe hawa huɗu a lokaci ɗaya, kowanne da tasa hanyar, shi ne nauyin da ake son saukewa.

Waɗanne sassa ne sabon netwok ya ƙunsa?

Daga ƙasa akwai sashen da ya taɓa mai amfani: ƙarfen sabis, faiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, da ke shiga gida ko ofis, da na'urar MSAN da ke karɓar ragowar layukan tagulla ta mayar da su IP. A bayansa akwai sashen dako: faiba mai DWDM, inda zare biyu ke ɗaukar launukan haske 40, 80 ko fiye, kowane launi gigabit 100, da rautocin IP/MPLS da ke raba hanya.

A sama akwai ƙwaƙwalwar. Ga kira, ita ce IMS, kuma ga sassanta. CSCF ke karɓar rajistar waya ya nemo hanyar kira ta SIP, yaren da na'urori ke ƙulla kira da shi. HSS ke riƙe bayanan masu layi. SBC ke gadin ƙofa tsakanin kamfani da waje. Sai ƙofar canji, MGW, wadda ke fassara tsakanin E1 da IP domin sabon netwok ya iya magana da tsoho. Yawancin waɗannan yanzu manhajoji ne da ke gudana a kan sabobi a cibiyar bayanai, galibi a Legas ko Abuja. Abin da ke jibge a Bauchi da Gombe shi ne faiba, rautoci, batura da ƙarafan sabis, kuma a nan ne aikin ke yin kyau ko ya lalace.

Daga ina ake farawa?

Daga ƙidayar abin da ke ƙasa, ba daga sayen kaya ba. Kowane E1, kowane zaren faiba, kowace waya a kan allon rarraba layi sai an bi ta an san inda ta fito, inda ta nufa da wanda ke biyan kuɗinta. Takardun kamfani kusan kullum sun saɓa da abin da ido zai gani. Za a tarar da layin da aka rubuta an rufe shi alhali wani reshen banki na aiki da shi, da wani da ake ta ba wuta shekaru babu kowa a kansa.

A lokacin ƙidayar ne ake zaƙulo abubuwan da ba su da baki sai an kashe su: na'urar faks a kotu ko asibiti, ƙararrawar tsaro mai kira ta layin girke, mitocin wuta da na'urorin bin sawun mota masu aiki da 2G, tsohon suwic na ofis da ke haɗe da E1. A rubuta wa kowanne makomarsa, ko a canza shi, ko a sama masa na'urar fassara.

Bayan haka tsarin yakan bi wannan jeri: a gina faiba da DWDM, a ɗora rautoci, a daidaita agogo, a kafa IMS gefe da gefe da tsohon suwic, a haɗa su ta MGW, a gwada da ma'aikatan kamfani, sannan a fara kwashe mutane rukuni-rukuni. Wanda ya sayo IMS kafin ya gyara hanyar dako ya ɗora rufi ne a kan ginin da ba a haƙa wa tushe ba.

Me ya sa ake ta nanata batun faiba da zobe?

Domin da aka haɗa komai wuri ɗaya, haɗarin ma ya haɗu. A da idan layin intanet ya yanke, kira na tafiya. Yanzu katafila ɗaya a bakin kwalbati za ta iya ɗauke kira, data, POS da layin banki na gari guda a lokaci ɗaya. Abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace tare a gaɓar Afirka ta Yamma, darasi ɗaya ne a babban sikeli: hanyoyi da yawa da suka bi wuri ɗaya, hanya ɗaya ce.

Maganin shi ne zobe. A ɗauki Bauchi da Gombe, tafiyar kusan kilomita 150 ta Alkaleri. Idan faiba ɗaya ce a gefen wannan titi, duk inda ta yanke an rabu. Amma in akwai ta biyu da ta bi Gombe, Dukku, Darazo ta dawo Bauchi, to zobe ya rufe, kuma rautoci na iya juya lodi zuwa ɗaya ɓangaren cikin milisakan 50, kafin mai magana ya ankara. Sharaɗi biyu ne. Kowane ɓangare ya iya ɗaukar lodin duka shi kaɗai, wato kada a bar shi ya wuce rabin ƙarfinsa a ranar lafiya. Sannan hanyoyin su rabu da gaske. Sau da yawa akan yi hayar zare daga kamfanoni biyu ana murna an sami kariya, ashe duka biyun rami ɗaya suka bi, ko sun haɗu a jikin gada ɗaya, irin gadar Dindima da ke kan kogin Gongola. A nemi taswirar hanyar kowane kebul a ɗora ta a kan ta ɗan'uwansa, kuma a duba har ƙofar shiga ginin, domin zoben da ya shiga ɗaki ta bututu ɗaya bai cika zobe ba.

Game da haƙa, zurfin da aka saba shi ne kusan mita 1.2, a cikin bututun roba mai ƙarfi na HDPE, da kaset ɗin gargaɗi a sama da shi yadda mai diga zai fara cin karo da kaset kafin kebul. A kewayen Bauchi dutse ne ke hana kaiwa wannan zurfi, sai ɗan kwangila ya tsaya a taƙi biyu ya rufe. Inda dutse ya hana, a sa bututun ƙarfe ko a zuba kankare, kuma mai duba aiki ya auna kafin a mayar da ƙasa. A Gombe kuwa zaizayar ƙasa ce abokiyar gaba: damina ɗaya ta isa ta bar bututu a rataye a bakin kwari.

Haske na raguwa da kusan desibel 0.22 a kowace kilomita a tsawon zango na nanomita 1550, don haka Bauchi zuwa Gombe ya haura desibel 30 tun ba a lissafa mahaɗai ba. Shi ya sa ake kafa na'urar ƙara ƙarfin haske kusan kowace kilomita 80. Wannan ɗan ɗaki da ke tsakiyar hanya, da batirinsa da maigadinsa, yana da muhimmanci daidai da babban ofis.

Nawa ake biya kafin a haƙa, kuma wa ake tuntuɓa?

Farashin izinin hanya da gwamnoni suka amince da shi naira 145 ne a kowace mita, wato naira miliyan 1.45 a kilomita 10, kuma wasu jihohi sun yafe shi ɗungurungum. Titin tarayya izininsa na hannun ma'aikatar ayyuka ta tarayya. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta tsananta karewa.

Takarda kaɗai dai ba ta tsare kebul. A je gaisuwa wurin hakimi da masu unguwanni, a ɗauki matasan wurin aikin haƙa, a ba injiniyan ɗan kwangilar titi lambar da zai kira kafin ya sa katafila. A kuma bayyana wa jama'a cewa faiba gilashi ce, babu tagulla a cikinta, domin wasu masu neman kayan jari-bola suna sara ne kafin su gane ba abin sayarwa.

Ke nan maikurowef ya gama yayi?

A'a. Ƙauyukan da ke nesa da babban titi za su daɗe a kan wannan hanya ta rediyo da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe ta iska. Abin da ya canza shi ne a cire mai ɗaukar E1 a sa mai ɗaukar IP. Zango na gigahaz 6 zuwa 8 yana cin kilomita 30 ko fiye. Wanda ya haura gigahaz 10 ruwan sama na rage masa ƙarfi, na 70 zuwa 80 kuwa yana ba da gigabit har 10 amma a 'yan kilomita kaɗan cikin gari. Sabbin rediyoyin suna rage gudu da kansu in hadari ya sauko, saboda haka dole a tsara su yadda murya da saƙonnin sarrafa netwok za su fara wucewa a lokacin da hanya ta ƙuntata. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera ƙarafa bakwai ko takwas a sarƙa ɗaya, na farko ya mutu duka su bi shi.

Yaya ake lissafin wuta?

Kayan sadarwa na aiki da bolt 48 na wutar batir. A ce wuri na jan kilowat 3 kuma ana son ya jure sa'a 8 ba wutar kamfanin JED ba janareta. Ana buƙatar kilowat-awa 24. Batirin litiyam mai amfiya-awa 100 yana riƙe kilowat-awa 4.8, in an yi amfani da kashi 80 cikin ɗari saura 3.84, ke nan guda 7. Batirin dalma kuwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, sai an tanadi ninkin abin da ake buƙata.

Zafi ne ke kashe batirin dalma. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu, ga shi a watan Maris da Afrilu zafin nan kan kai digiri 40, cikin akwatin ƙarfe kuwa ya zarce haka. Da hunturu, ƙura ke toshe matatar iska ta rufe fuskar sola, don haka wanke faranti da canza matata aiki ne na jadawali. Wayar da ke sauke tsawa zuwa ƙasa a auna ta da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, kuma a nemi ƙasa da om 5. Awon da aka yi a Agusta yaudara ce.

A tuna kuma cewa wurin da ya zama mahaɗar ƙarafa ashirin bai kamata a ba shi batir daidai da na ƙarfen da ke ƙarshen layi ba. Mai alkawarin sabis zai tsaya kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci ya yarda da ɗaukewar kusan sa'a 9 a shekara, mai 99.999 kuwa minti 5 da 'yan sakanni kacal.

Murya ba za ta lalace ba in ta bi hanyar data?

Ba za ta lalace ba in an kiyaye abu uku: jinkiri daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150, bambancin isowar ƙulli kada ya wuce kusan 30, asarar ƙulli kuma ta tsaya ƙasa da kashi 1 cikin ɗari.

Nisa ba shi ne matsala ba. Haske na cin kilomita 1,000 na faiba cikin milisakan 5, saboda haka zuwa Legas ba komai ba ne. Girma ma ba matsala ba ne: kira ɗaya na G.711, tsarin murya mai kilobit 64, yakan koma kusan kilobit 87 in an sa masa adireshi, wato garin da ke da E1 guda 20, kira 600 a lokaci ɗaya, kusan megabit 52 ne kacal. Abin da ke lalata murya shi ne tsayuwa a layi bayan bidiyo. Shi ya sa ake yi wa ƙullin murya alamar fifiko ta EF, lamba 46, a 4G kuma a ba shi matsayin fifiko na QCI 1. Alamar sai kowace rauta da kowane rediyo a hanyar sun mutunta ta. Na'ura ɗaya da ta goge alamar ta isa. Alamar cutar a bayyane take: kira garau da asuba, yana tsinkewa bayan sallar isha lokacin da kowa ya hau TikTok da YouTube.

Mene ne ruwan agogo da sadarwa?

Tsohon E1 yana tafe da bugun agogonsa a jikinsa kyauta. Da aka cire shi aka sa Ethernet, bugun ya tafi, kuma mutane da yawa ba sa tunawa da shi sai kira ya fara yankewa duk lokacin da mota ta tashi daga ƙarfe ɗaya zuwa wani. Ƙarfen sabis na buƙatar mitarsa ta tsaya cikin kashi 50 cikin biliyan. 5G na megahaz 3500, wanda ke aikawa da karɓa bi da bi a zango ɗaya, yana buƙatar lokaci ya daidaita cikin mikrosakan 1.5. In ya kauce, ƙarfen zai riƙa magana lokacin da maƙwabtansa ke sauraro, ya toshe musu kunne.

Ana kawo agogon ta SyncE da PTP, hanyoyi biyu na aika shi a cikin netwok, ko ta eriyar GPS a wurin, an fi son duka biyun. PTP yana ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne. Bambancin mita 200 na faiba tsakaninsu ya isa ya jawo kuskuren rabin mikrosakan. Don haka a sake aunawa duk lokacin da aka canza hanya ko aka yi babban gyara.

Ina makomar ƙananan wayoyi masu madannai, USSD da POS?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar jama'a, kuma amsarta ita ce kada a yi gaggawa. A kasuwannin ƙauye na Darazo, Dukku ko Kumo, ƙaramar waya ce ke hannun mai sayen dabba da mai sayar da hatsi, da ita ake tura kuɗi ta lambobin banki na USSD, kuma tsoffin POS da yawa 2G suke hawa. USSD a kan SS7, tsohuwar hanyar da suwic ke aika wa juna saƙonni, aka gina shi. Akwai hanyar ɗaukarsa a IMS, amma sai wayar ta iya.

Wayar 4G da ba ta da VoLTE, wato yin kira ta 4G, takan sauka zuwa 3G ko 2G duk lokacin da kira ya shigo, shi ya sa alamar da ke saman allo ke canzawa. Kafin VoLTE ya yi aiki sai wayar ta iya shi, layin ya zama na zamani, kuma manhajar wayar ta san saitin kamfanin. Kamfanoni da yawa a duniya sukan fara kashe 3G su mayar da zangon 2100 ga 4G, su bar siririn 2G a 900 don ƙananan wayoyi da na'urori. A ganinmu wannan ne ya dace da nan, kuma a yanke hukunci ƙarfe bayan ƙarfe bisa ƙidayar irin wayoyin da ke hawa kowanne.

Yaya ake daren sauyi?

Ana farawa da wuri ƙarami, ƙarafa biyar zuwa goma, a bar su mako biyu ana lura. Kowane dare yana da rubutaccen tsari mataki-mataki, da sunan mai yin kowane mataki, da lokacin da in an kai shi ba a gama ba za a koma tsohon tsari ba tare da gardama ba. A adana saitin kowace na'ura kafin a taɓa ta, kuma a sami hanyar shiga ta daban wadda ba ta dogara da layin da ake aiki a kansa ba. Injiniya ɗaya ya kasance a wurin da jikinsa, da kayan gyara a mota.

An saba yin aikin daga sha biyun dare zuwa huɗu na asuba. A watan azumi wannan lokaci bai dace ba, domin gari a farke yake, daga tahajjud zuwa sahur. A guji jajibirin sallah, ƙarshen wata da ake biyan albashi, da makon jarrabawar JAMB.

Kafin a tashi a gwada kira cikin gida, kira zuwa kowane kamfani da daga gare shi, lambar da aka yi ƙaura da ita daga wani kamfani, wanda ake yi tun 2013, kiran ƙasar waje, saƙon tes, USSD, cire kuɗin kira, da 112, a tabbatar ya faɗa cibiyar gaggawa ta jihar da mai kiran yake.

Waɗanne matsaloli ne suka fi fitowa washegari?

Ɗaya na ji ɗaya ba ya ji: saƙon SIP ya wuce amma hanyar muryar ta toshe a katangar tsaro, ko SBC ya ba da adireshin cikin gida. Kira na yankewa daidai sakan 32: saƙon tabbatarwa na ACK bai isa ba. An kira banki an ce danna 1, an danna ba a ji ba: ɓangarorin biyu ba su daidaita kan yadda za a aika sautin madannai ba. Kira zuwa wani kamfani na faɗuwa: wannan na aika lamba da 0 a gaba, wancan na jiran 234. Wasu shafuka na buɗewa wasu na maƙalewa: MPLS ya ƙara wa ƙulli tsawo, wata na'ura a tsakiya ba a ɗaga mata MTU, wato iyakar girman ƙullin da take karɓa, ba.

Akwai kuma turereniyar rajista. In babban yanki ya ɗauke ya dawo, dubban wayoyi na neman rajista a sakan ɗaya, su durƙusar da sashen da ke karɓarsu. Ana sa wa SBC iyaka ya riƙa shigar da su kaɗan-kaɗan. A kuma kwatanta bayanan cire kuɗi na tsoho da sabon tsari kullum a makonnin farko. Mai layi da aka cire wa ba daidai ba yana da damar kai ƙara ga hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta lambar 622 in kamfani bai share masa hawaye ba.

Faibar gida fa, gida nawa zare ɗaya ke ɗauka?

A GPON, tsarin raba faiba ga gidaje, zare ɗaya na ba da gigabit 2.5 saukowa da 1.25 hawa, a raba wa gida 32 ko 64, nisa har kilomita 20. Lissafin haske ne ke hukunci. Kayan ajin B+ suna jure asarar haske ta desibel 28. Mai raba haske gida 32 na cin kusan 17, kilomita 10 a kan 0.35 sun ci 3.5, kawunan haɗi huɗu sun ci 2, ɗinki takwas sun ci 0.8. Jimilla 23.3, saura 4.7. Wannan ragowar ita ce ta gyare-gyaren gaba, domin duk yankewa na ƙara ɗinki biyu. Kan haɗi mai ƙura da lanƙwasa zare a kusurwar bango su ne suka fi cinye ta. A goge kowane kai kafin a soka, kuma kada a taɓa leƙa bakin zare da ido, hasken ba a ganinsa amma yana illa.

Shin haɗewar ba ta buɗe ƙofa ga ɓarayi ba?

Ta buɗe. Suwic ɗin ofis da aka bar wa kalmar sirrin da ya zo da ita, aka buɗe ƙofar SIP ta 5060 ga intanet, ana iya kwana ana kiran ƙasashen waje da shi, mai ofis ya tashi da bashi. A raba hanyar sarrafa na'urori da ta masu amfani, a sa SBC a kowace iyaka, a rufe kiran ƙasar waje ga layin da ba ya buƙata, a sa ƙararrawa in kira ya yi yawa a lokacin da ba a saba ba, kuma kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa.

Yaushe ake kashe tsohon suwic?

Bayan an kwashe kowa, a bar shi a kunne wata ɗaya zuwa uku ana duba ƙidayarsa. Duk gurbin da ya nuna motsi, akwai wanda aka manta. In ya yi tsit, a toshe hanyoyinsa ta manhaja a jira mako biyu, sannan a kashe wuta amma a bar wayoyin a jone na wani makon, kafin a fara kwancewa. A kwafe bayanan kira da doka ta ce a adana, a goge na masu layi daga faifan na'urar, a sanar da sauran kamfanoni su cire tsoffin hanyoyin SS7 da ke nuni zuwa gare shi. Tsoffin baturan dalma a miƙa su ga masu sake sarrafawa da ke da izini, kada su faɗa hannun masu fasa su a bayan gari kusa da rijiya.